Hoton Surukin Alhaji Datti

Wani bawan Allah ne a Getso, manomi, irin mutanen nan da ko a sunan ɗansu sai a raba goro a tsallake su. Ba shi da abokin faɗa, ba shi kuma da abin nunawa. Babban ciwonsa a duniya shi ne bangon falon surukinsa, Alhaji Datti na Kabo. A bangon nan Alhaji ya jera hotunan mazajen 'ya'yansa. Ga na kwastan cikin kaki, ga malamin asibiti da abin awo a wuya, ga direban tirela ya dafa motarsa. Mutuminmu kaɗai ne babu. Duk sallah in ya je gaisuwa, bakinsa na "Allah ya ƙara girma, Baba", idonsa na kan bango. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ya taɓa cire kunya ya yi maganar. Alhaji ya ce, "To kai da me za a ɗauke ka? Da fartanya?"

Ana nan, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ga tsada ta sa kowa ya ɗaure ciki, sai labari ya bazu cewa wata mai hoto tana zaga ƙauyuka. Nanret sunanta, 'yar Malam Shadrak mai koyarwa a Gwarzo. Iyayenta mutanen Filato ne, amma a nan aka haife ta, Hausarta har da zagi. Wata ƙungiya ce daga Kano ta ba ta aikin ɗaukar hotunan rayuwar manoma. Mutuminmu ya tare ta ranar kasuwa, ya yi mata gaisuwar da ko mai unguwa bai taɓa samu daga gare shi ba.

Ya ce, "Malama, hotunan nan, a bango za a rataye su?"

Ta ce, "A ɗakin taro a Gwarzo, kowa ya zo ya gani. Bayan nan a buga su littafi."

"Manya ma za su zo?"

"Har daga Kano."

"To ki zo gidana gobe."

"Zan zo. Amma fa, Malam, ni ba na son kwalliya. Yadda kake kullum, haka nake son in ɗauke ka."

Ya ce to, amma a zuciyarsa dariya yake yi mata. Wa ya taɓa jin an ɗauki mutum hoto yadda yake? In don yadda yake ne, ai kullum ana ganinsa a titi, babu wanda ya tsaya.

Ranar nan bai zauna ba. Ya aro babbar rigar angoncin Ja'afaru mai shayi. Ya aro hula, ya aro tabarau, ya aro agogon da ya daina aiki tun mulkin soja. Ya aro rediyo. Ya je wajen Haladu ɗan acaɓa ya aro babur, babu ko ɗigon mai a ciki, ya turo shi har gida yana haki.

Da safe matarsa Sa'a ta ce, "Baƙuwa za ka yi, kuma babu ko ƙwayar dawa a ɗaki. Sai ka shiga rumbu."

Dawar rumbun kuwa ta riga ta kai ƙasa. Ya ɗage jinka, ya miƙa hannu, bai taɓo komai ba. Ya ƙara sunkuyawa, shiru. Ya ƙara, sai ga shi ya zurma da ka, ƙafafu biyu a sama, ɗan wandonsa na gona mai faci yana kallon rana. Daidai nan Nanret ta yi sallama. Da yake mace ce, ba ta jira iso a zaure ba, kai tsaye ta shigo tsakar gida.

Ta ce, "Ina maigidan?"

Sa'a ta nuna da baki, "Ga rabinsa can."

Mutuminmu daga ciki ya ji wani ƙyas. Ya ce, "Sa'a, kori kajin nan, ki zo ki ja ni."

Sa'a ta kama ƙafa ta finciko shi, ya fito fari fat da ƙaiƙayi. Yana haɗa ido da baƙuwa ya yi ɗaki da gudu. Da ya sake fitowa, ko Sa'a sai da ta gyara ɗankwali. Ya hau babur, ya saɓa rediyo a kafaɗa, ya tura hannun riga don agogo ya fito, sannan ya haɗe rai kamar mai shirin yanke hukunci, don a saninsa babban mutum ba ya washe baki a hoto.

Nanret ta dube shi, ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauka.

Ta ce, "Malam, guda biyu ke nan. Akwai wannan, akwai kuma wanda na ɗauka kana rumbu. Wanne zan sa?"

Ya yi murmushin tausayi. "Haba Malama, wannan ma tambaya ce? Ki sa wanda ya fi kyau."

"Wanda ni na ga ya fi kyau?"

"Ke ce mai ilimin abin. Abu ɗaya nake roƙo, ki yi shi ƙato."

"Ka yarda?"

"Na yarda duniya da lahira."

Da ranar baje hotuna ta matso, ya wanke ƙafa har Kabo. Ya durƙusa, ya ce, "Baba, ana gayyatarka Gwarzo. Hotona za a rataya a gaban manya."

Alhaji Datti ya ce, "Naka? Me ka sata?"

Amma ya zo. Ya zo da carbinsa, ya zo da surukin nan na kwastan, don a samu mai taya shi dariya. Mutuminmu kuwa ya sake aro rigar Ja'afaru, shi ma Ja'afarun ya biyo rigarsa.

Ɗakin taro ya cika. Maza a gefe, mata a gefe, wani ɗan Hisba yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, yana duba ko akwai wadda gyalenta ya zame. Mutuminmu ya bi bango yana neman babur. Ya ga masu sussuka, ya ga masu jan ruwa, ya ga tsohuwa da akuyarta. Babu babur. Sai ya hango cincirindo a ƙarshen ɗakin, gaban wani hoto da ya kai ƙofar zaure girma. Ya kutsa.

Ƙafafu biyu ne a sama, da kaushi da faso. Ga faci nan, ya san shi, Sa'a ce ta ɗinka da baƙin zare. Ya ja hula ya rufe goshi, ya fara ja da baya yana neman ƙofa.

Sai wani babban baƙo da ya zo daga Kano ya karɓi lasifika. Ya ce shi ya je ƙasashe, ya ga hotuna, bai taɓa ganin wanda ya taɓa masa zuciya kamar wannan ba. Ya ce jama'a su duba, wannan shi ne talakan ƙasar nan, ya shiga rumbunsa har ƙugu yana neman abin da zai ciyar da iyali. Ya ce wannan hoton ne za a sa a bangon littafin, ya je har Turai. Aka yi ta tafi. Ya ce, "Da ma mai wannan hoton yana nan, da na yi musafaha da shi."

Mutuminmu ya tsaya cak. Ya waiga, ya ga Alhaji Datti ma yana gyaɗa kai. Ya mayar da hula daidai, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

Aka kwashe da dariya. Na kwastan ya ce, "Kai ɗin? Ina shaida?"

Ja'afaru ya ce, "Ai kowa ma zai iya cewa shi ne. Ni ma ina da rumbu, ina da ƙafa."

"Ja'afaru, ka ji tsoron Allah. A kira mai hoton ta faɗa."

Aka nemi Nanret, aka ce tana waje 'yan jarida sun tsare ta. Ya juya wajen surukinsa, idonsa ya kawo ruwa. "Baba, ka sa baki. Wallahi ni ne."

Alhaji Datti ya ja carbi, ya ce, "Ni dai ban ga fuska ba."

Shi ke nan. Mutuminmu ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa mai ita. Ashe wandon gonar ne a ciki, don wando ne kaɗai bai samu aro ba. Ya je gindin hoton, ya kafa kai a ƙasa, ya dafa da hannu biyu, ya wurga ƙafafu sama ya jingina su da bango. Mata suka ja gyale suka rufe fuska, suna leƙe ta gefe.

Ɗan Hisba ya taho da sauri. "Subhanallahi. Malam, mene ne haka a gaban jama'a? Sauko."

Daga can ƙasa ya amsa, "Malam, shaida nake kafawa. Ba ku ne kuka ce yanzu komai sai da shaida ba?"

Ɗan Hisba ya dubi hoton, ya dubi mutumin, ya ce, "To a gaggauta."

Jini ya taru masa a ka, jijiyoyin wuya sun fito, amma bai sauko ba. "Baba, matso. Ka duba da kyau. Ka duba facin, ka duba fason."

Alhaji Datti ya matso a hankali. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya goge da bakin riga, ya sa. Ya dubi na bango, ya dubi na ƙasa. Ya sake duban na bango. Ya sunkuya ya leƙa fuskar, ya miƙe da sauri.

"Baba, ka gane ni?"

Alhaji ya ce, "Kai ne. Kuma yarinyar nan ta san aikinta. Da ta wannan gefen ka zo mini neman aure, da ban yi ta ja maka rai ba."