Motar Alhaji Sallau a Bakin Teku

Duk wanda ya san Alhaji Sallau, dillalin shanun nan na Agege, ya san mutum ne mai son a gani. In ya sayi sabuwar hula, sai ya zagaya kasuwar shanu da ita kafin ya nemi wurin zama. To, bara sai Allah ya hore masa wata mota daga Kwatano, irin wadda Turawa ke yawon shaƙatawa da ita. A ciki akwai gado, da firji, da wurin girki, har da ɗan makewayi. Gida ne sukutum aka ɗora wa tayoyi. Tun ranar da ta iso muka rasa sakat, ko zancen ciwon haƙori ka kawo sai ya karkato da shi kan motar nan.

Wata Asabar ya ce lallai sai mun je bakin teku can wajen Badagry mun kwana, mu ga yadda masu hali ke hutawa. Muka tafi mu uku: ni, da shi, da taubashinsa Nomau, ɗan kawunsa da ya kawo albasa daga Goronyo. Su biyun nan tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kuma girma bai rage komai ba. Nomau ya taho da tamfol ɗin da yake rufe albasa da shi, da sanduna, da igiya, ya ce shi tanti zai kafa, ba ya kwana a cikin abin da ke shan fetur.

Da muka isa, muka tarar mutane sun kakkafa tantunansu can baya a kan tudu, ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa. Masunta ma sun jawo kwale-kwalensu har can. A gaba kuwa ga wani fili shimfiɗe, yashi sumul kamar an daɓe, ba kowa a kai. Idon Alhaji na ɗan kasuwa ne, a wurinsa rumfar da ke bakin hanya ita ce rumfa. Ya dube mu yana murmushi.

"Abin nema ya samu," in ji shi. "Ku dubi mutanen nan, sun bar gaban kasuwa sun je sun cunkushe a lungu."

"Kila tsoron ruwa suke ji," in ji Nomau.

Sai dukansu biyu suka ɗaga kai suka dubi gabas, yadda aka saba a gida. Sama tas, ba ko ɗigon gajimare. A bakin kogin Rima aka haife su, kuma abin da suka tashi da shi ke nan: ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi sama, in babu hadari ko a bakin gaɓa ka shimfiɗa tabarma ka yi barcinka. Wannan ne karo na farko da na ga sun yarda da juna a kan magana ɗaya.

Alhaji ya kutsa da mota har kusa da inda ruwa ke lasar yashi, ya juya ta yadda za ta fito da kyau a hoto. Nomau ya sauke tamfol zai kafa a gefenta, Alhaji ya daka masa tsawa.

"Kai ɗan kawu, ɗauke mini wannan tsumman. Hoto zan tura wa 'yan kasuwa, so kake a ce motata ta haihu a juji? Ga warin albasa. Koma can tudu wurin 'yan'uwanka."

"Na ji, ɗan gwaggo," in ji Nomau. "Allah ya bar mu da talaucinmu."

Ya kwashi kayansa ya hau tudu. Na bi shi na riƙe masa sanduna, don gaskiya tsawar ta ba ni haushi. Muka kafa turaku, muka ja igiya, tanti ya tsaya a karkace, amma ya tsaya. Daga nan muka hura gawayi muka ɗora tsire. Alhaji kuwa ya fito da kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sha hotuna har wayarsa ta yi zafi. Da ya ci ya ƙoshi, ya yi Azahar, ya shige mota ya kunna fanka ya miƙe a gado.

Wajen La'asar ina alwala sai na lura filin nan ya rage faɗi. Na ce ko idona ne. Kafin mu sallame salla, ruwa ya kai tayoyin gaba, yana zuwa yana komawa, kuma duk zuwan da zai yi sai ya ɗara na baya. Kujerar Alhaji tuni ta kama hanya. Muka ruga muna buga jikin motar. Ya leƙo ta taga da idon barci, ya dubi ƙasa, sannan ya ɗaga kai ya dubi gabas.

"Daga ina?" in ji shi. "An yi ruwa ne ina barci?"

"Ko ɗigo," in ji Nomau, shi ma yana duban sama. "Wallahi ni ma abin ya ɗaure mini kai. Wannan kogin nasu ba shi da tarbiyya."

Alhaji ya faɗa kujerar direba ya tayar da inji, ya sa giyar baya ya taka totur. Tayoyi suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Da ya ƙara takawa sai motar ta zauna daram a kan cikinta. Muka tura, masunta suka zo suka taya mu, ko motsi. Wani dattijo a cikinsu ya ce a haƙura, kullum haka tekun ke hawowa ta koma, in ta janye a nemo tirakta. Injin ya yi tari ya mutu. Ruwa ya shiga ciki, muna kallo ta taga takalman Alhaji da matashin kai suna yawo tsakanin gado da firji.

Na tausaya masa, don na ga idonsa ya kawo ruwa. Motar nan ita ce abin alfaharinsa, kuma ya san kafin Litinin labari ya riga shi isa kasuwa. Ya fito da babbar riga jiƙe sharkaf tana manne masa a jiki, ya hau tudu yana ɗiga. Ba inda zai shiga sai tantin albasa. Nomau ya shimfiɗa masa buhu, ya ba shi zane ya yafa, ya miƙa masa shayi mai zafi da burodi.

Ka san hali zanen dutse. Alhaji na kurɓar shayin, jikinsa ya ɗan yi ɗumi, sai ga akuyar masunta ta turo kai cikin tantin ta fizge burodin daga hannunsa ta yi waje. Nan take bakinsa ya dawo.

"Kai Nomau, wannan wane irin masauki ne? Ba ƙofa, ba makulli, kowane ɗan iska sai ya faɗo wa mutum ba ko sallama."

Nomau ya leƙa waje, ya nuna motar da haɓa, ruwa na fita ta wannan gefe yana shiga ta wancan.

"Gaskiyarka, ɗan gwaggo. Naka gidan mai ƙofa da makulli, baƙon da ke kwance a gadonka yanzu sau nawa ya yi sallama?"