Ranar Da Na Zura Buta A Girgije

Ba zan taɓa mantawa da asubar da na yi wa maza biyu wa'azi a kan wani dutse a ƙasar Caina ba, ni da ko alif ban iya ja ba. Yau shekara tara da rasuwar mijina Alhaji, Allah ya jiƙansa, kuma har yanzu in na tuna sai in rasa wanne zan fara, dariya ko kuka. Yawanci kukan ne ke riga. (Malamar da ke rubuta mini ta ce in na fara hawaye za ta ajiye biro. To ta ajiye, ba sauri muke ba.)

Ana dab da shiga shekara ta dubu biyu Alhaji ya ce in shirya mu tafi birnin Gwanzu na Caina tare. Sana'arsa kayan ɗakin amare ce, su samira da tangaran da filas. Sau biyu yana saro kayan da babu uwar amaryar da za ta jera su ko kyauta aka ba ta, har da wasu kwanuka masu hoton kifi. Kifi fa, a ɗakin amarya. Ni kuwa ban raga masa ba, safe da yamma sai na yi mita. Da ya gaji sai ya ce tunda idona ya fi nasa, in zo in zaɓa da kaina.

Abokin tafiyarsa wani Badamagare ne, Alhaji Lawali, mai baki kamar reza. Kun san tsakanin Kano da Damagaram ba a raga wa juna. Tun a filin jirgi ya gaya wa Alhaji cewa ya ɗauko wa kansa magana, Bakanuwar ƙauye a Caina, shi kam ya gode Allah zai dawo da labarin da zai shekara yana bayarwa a kasuwa. Alhaji mutum ne mai kunya, ba ya son sunansa a bakin 'yan kasuwa ko da a kan alheri ne. Na ga murmushin yaƙen da ya yi. Sai na ja shi gefe na rantse masa cewa har mu je mu dawo Badamagaren nan ba zai samu ko ƙwayar labari ɗaya a kaina ba.

Kwana goma na riƙe alkawari. A jirgi na lulluɓe kai da mayafi ina jan carbi, ban leƙa taga ba har muka sauka. A Sanyuwanli, unguwar da muka sauka, ban ɓata ba, ban ci abin da ban san asalinsa ba. Har kalma biyu na koya: lawban, wato mai kaya, da meyo, wato babu. Na kuma gane cewa in ɗan Caina ya ce meyo ka tsaya ka ƙara matsa masa, kayan suna can cikin sito. Na zaɓi kwanuka masu jan fure da ratsin ruwan gwal, Alhaji ya sayi masu yawa, lawban mai masana'antar ya ji daɗi, ya ce zai kai mu yawon buɗe ido cikin duwatsu, arewa da gari. Na tambayi Alhaji me za a gani a dutse, mu da muka baro Dala a gida. Ya ce abin ba ya faɗuwa, sai na gani.

Wuni guda muka yi a mota, hanya tana murɗewa kamar hanjin akuya, ni kuwa kaina a cikin leda. Sai bayan magariba muka isa wani ƙaramin masauki a can ƙololuwa. Ban ga komai ba sai duhu da sanyi mai shiga ƙashi.

Da asuba famfo ya ƙi kawo ruwa. Aka tambayi mai masaukin ya ce meyo, injin ya lalace, sai an hawo da mai gyara. Ruwan filas kuwa mun shanye shi a shayi tun jiya. Alhaji da Alhaji Lawali suka fita tsakar gida, suka yi taimama a kan wani faffaɗan dutse, suka yi sallarsu. Ni sai da na gama kokawa da bargo sannan na fito, riƙe da butata ta roba da na taho da ita tun daga Kano. Gari ya fara haske, ana iya gane fuska.

Ina ɗaga kai na ga tafki.

Taku goma daga inda suke zaune akwai shingen ƙarfe, bayan shingen kuwa ruwa ne fari fat, a kwance, cike taf har iyakar ganina. Ga tsibirai baƙaƙe nan da can da itatuwa a kansu. Ko motsi ba ya yi. Na ce a raina wannan ai dam ɗin Tiga ƙaninsa ne.

Sai na faɗi abu biyu a kaina kafin a gane abin da ya biyo baya. Na farko, ni 'yar wani ƙauye ce a bayan Ɗambatta inda rijiya ke kai gaba ashirin, tun ban kai aure ba nake jan guga, kuma ina taƙama da hakan. Na biyu, a lokacin wata uku ke nan da shigata makarantar matan aure, kuma babin tsarki kaɗai muka kai. Ilimin wata uku ya fi giya bugarwa.

Na gyara tsayuwa na ce, "Alhaji, a bakin tafki kuke zaune kuka yi taimama? Ai in ga ruwa taimama ta ɓaci. Sallar nan taku babu ita."

Alhaji ya dube ni, ya dubi inda nake nunawa, ya ce a hankali, "Hajiya, ba ruwa ba ne. Girgije ne."

Sau ɗaya ya faɗa, haka yake magana. Ni kuwa na yi dariya har da tafa hannu. Na tambaye shi tun yaushe girgije ya fara kwana a ƙasa, ko samaniyar Caina ce ta faɗo ba mu ji ƙara ba. Na ce lalaci ne kawai irin na maza, suna tsoron ruwan sanyi shi ne suka fake da dutse. Na ga Alhaji Lawali ya buɗe baki, sai ya rufe, ya shafa gemu. Can ya ce cikin ladabin da ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba, wallahi Hajiya tana da gaskiya, shi ma tun ɗazu zuciyarsa ba ta kwanta da sallar nan ba, a taimaka a ɗebo musu su sake.

Kaina ya ƙara girma. Na leƙa ta saman shinge na ga ruwan ya ɗan yi ƙasa, hannu ba zai kai ba. Wannan ba matsala ba ce a wurin 'yar rijiya. Na kwance igiyar shanyar mutane, na ɗaure wuyan buta irin ɗaurin guga, na cire murfi, na yi bisimilla na zura. Buta ta nutse cikin farin nan ta ɓace. Na kaɗa igiya yadda ake kaɗawa don guga ya kife ya sha, na kasa kunne ina jiran funjum. Shiru. Na jawo, wayam. Amma jikinta duk danshi, har da ɗigo-ɗigo. Na ɗaga ta sama na nuna wa Alhaji, na ce ya gaya mini ko girgije yana jiƙa buta. (Ashe yana jiƙawa.)

Na yanke hukunci cewa na saman kumfa ne, ruwan yana ƙasa, igiya ce ta gaza. Na cire mayafina na ƙulla.

Kafin nan 'yan Caina sun fara fitowa cikin manyan rigunan sanyi, kowa da kyamara a wuya, sun zo jiran fitowar rana. Ɗaya bayan ɗaya suka juya wa gabas baya suka fuskance ni. Alhaji ya matso kusa ya ce don Allah in bari. Na ce in tsoro yake ji ya koma baya, na zare hiramin da ke kafaɗarsa na ƙara a kan mayafin. Wata tsohuwa, sa'ar uwata, ta dafa hannuna tana girgiza kai tana cewa meyo, meyo. Na ce mata da Hausa, baba na san meyonku, yana can cikin sito. Badamagaren kuwa yana gefe yana ba ni ƙarfin gwiwa, wai in ƙara miƙa hannu, ya ji kamar ta kusa taɓawa.

Na kwanta da ciki a kan shinge, na saki igiya har ƙarshen hirami. Daidai nan rana ta ɓullo, wata 'yar iska ta taso, sai tafkina ya tsage biyu a gaban idona kamar an yaga farin yadi.

Na ga butata tana lilo ita kaɗai, babu komai a ƙarƙashinta. Kwazazzabo ne wanda in an jefa Dala da Gwauron Dutse a ciki sai an nemo su da fitila. Bangon dutse ya miƙe sambal zuwa ƙasa, can ƙarshe wani kogi siriri kamar zaren ɗinki. Tsuntsaye na shawagi a ƙasan butata. Hannuna ya saki. Buta da igiyar mutane da mayafina da hiramin Alhaji suka tafi, ko ƙarar faɗuwarsu ba mu ji ba. Da Alhaji bai riƙe zanena ta baya ba, ban san wa zai ba ku labarin nan ba.

Sai wuri ya ɗauka da dariya. Alhaji Lawali ya rungume ƙarfen shinge yana dariya har hularsa ta faɗi. Kyamarori sai ƙyas-ƙyas. Lawban, bawan Allah, ya juya baya yana tari don kada in gani.

Abin bai ƙare nan ba. Rana ta fito, kuma a cikin mu ukun ni kaɗai ce ban yi sallah ba. Haka na ja jiki, daga ni sai ɗankwali, na je gaban dutsen nan da na gama zagi, na durƙusa na buga tafin hannu a kai, jama'a na kallo. Ina shafa fuska Badamagaren ya sunkuyo ya ce, "Malama, ya halatta dai ko?"

Alhaji ne ya cire rigar sanyinsa ya rufa mini a ka na yi sallah. Da na idar na juya wa kowa baya na fuskanci bango, na ƙudurta ba zan tashi ba sai mota ta zo. Ba kunyar 'yan Caina ce ta fi ci na ba, su ba su san gidanmu ba. Rantsuwar da na yi masa ce. Alhaji ya zo ya zauna kusa da ni yana rawar sanyi cikin 'yar shara. Can ya ce, "Tunda dai kin riga kin ba da mu, juyo ki kalla, kada mu yi asara biyu."

Na juyo da ido ɗaya tukuna.

Malama, rubuta wannan da kyau, don ban iya faɗarsa yadda yake ba. Tsagar nan ta riga ta rufe. Girgijen ya cika kwazazzabon baki da baki, rana ta zuba masa launi, nan ja-ja, can kamar man shanu a kan fura, can nesa fari har yana kashe ido. Ashe yana motsi, a hankali, kamar numfashin mai barci. A wani wuri ya haura kan dutse ya gangara ta ɗaya gefen, yana zuba ba ƙara. Tsibiran da na gani kawunan duwatsu ne, sai ɗaya ya nutse wani ya ɓullo. Duk tsawon rayuwata girgije abin ɗaga kai ne, a duba ko zai ba da ruwa a kwashe shanya. Ban taɓa sanin yana da baya ba, kuma bayan ya fi cikin kyau. Muna zaune har rana ta yi zafi ya fara yagewa yana tashi sama kaɗan-kaɗan, ya wuce ta gabanmu da sanyinsa.

A nan Alhaji ya gaya mini ba lawban ne ya kawo shawarar zuwa ba. Shi ne ya ga hoton wurin a kalandar ofishin lawban tun zuwansa na farko, ya roƙe shi in ya zo da iyali a kai su. Shekara talatin da aure bai taɓa kai ni ko gidan zu ba, ranar da ya tashi yi mini gwaninta kuma na saka masa da wa'azi.

Labari ya riga kwantenarmu isa Kano. Shekara da shekaru in Alhaji ya shiga kasuwa sai wani ya gaishe shi ya ƙara da tambayar ko an samu ruwa. A bakin Badamagaren igiyar tana ƙara tsawo duk shekara, har ta kai ga wai na ɗaura rawanin mutum uku. Kwanukan da na zaɓa kuwa ko wata biyu ba su yi a shago ba, amma wannan babu mai tunawa. Mutumin da ba ya son a ambaci sunansa ya sha wannan duka saboda ni, kuma ko sau ɗaya bai tayar mini da maganar ba, ko muna faɗa.

Sai a ciwonsa na ƙarshe. Jiki ya yi nauyi, ruwa in ya taɓa shi sai ya hau makyarkyata, ni ke kawo masa ɗan dutse bakin gado yana taimama. Wata safiya na miƙa masa, ya ɗora hannu a kai, ya ɗago ido da ƙyar ya ce, "Hajiya, kin dai duba babu tafki a kusa?"

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kwana biyu tsakani ya cika.

Abin da na koya bai da yawa, kuma a makare na koye shi. In mai shiru ya gaya miki magana sau ɗaya ki karɓa, don ba kullum zai kasance yana nan riƙe da zanenki ta baya ba. In kuwa Badamagare ya ce kina da gaskiya, ki ajiye butar.