Kawu Baƙi, Kaskon Mama, Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Quek Teck Huat, a madadin iyalan Quek masu rumfar soye-soye a kasuwar abinci ta unguwarmu da ke Toa Payoh, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a layinmu da yunwa, rasuwar jigonmu kuma mai ciyar da mu, kaskon suyarmu, wanda kowa ya sani da Kawu Baƙi. Ya rasu ana dab da shiga Sabuwar Shekararmu ta gargajiya, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba shi ya jawo wa kansa ba.

Muna ba da haƙuri bisa jinkirin wannan sanarwa. Kowa ya san ba a ambaton mutuwa ko fashewar abu a kwanakin biki, sai an sauke jajayen fitilu. Amma in faɗi gaskiya, ba al'ada kaɗai ta rufe mini baki ba. Tsoro ne, irin wanda ban taɓa ji ba tunda nake, kuma a kan mahaifiyata ne.

Mama, wato Seah Gek Choo, ita ta sayi marigayin tun tana budurwa mai tura amalanke a bakin titi, kafin hukuma ta tattara masu abinci ta sa su ƙarƙashin rufi ɗaya. In 'yan duba-gari suka ɓullo, takan bar amalanken da kujeru da kwanuka, ta naɗe hannu da tsumma ta sunkuci kaskon da zafinsa ta arce. Tabon yana nan a damtsenta. Ni kuwa, ta sha faɗa mini a gaban mutane cewa sau biyu ta manta da ni a ƙarƙashin amalanken, amma kaskon ba ta taɓa mantawa da shi ba. Saboda haka na tashi ina ganinsa a matsayin babba, ban taɓa haɗa kaina da shi ba.

Marigayin mai haƙuri ne, mai son jama'a, ba ya duba rigar mutum. Direban tasi da mai share titi da mai ɗaure wuya daga ofis, duk wuta ɗaya yake ba su, a farashin da mai share titin zai biya bai yi tsaki ba. Taliyar shinkafa mai faɗi da ƙwai da tsiron wake, soyayyar shinkafa da jatan lande, ganye da tafarnuwa, babu wanda ya taɓa kama masa a gindi. Tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin sabulu ba. Ruwan zafi, tsintsiyar gora, sai a shafe shi da mai ya kwana. Baƙin nan da ke jikinsa ba dauɗa ba ce, shekaru ne suka taru, kuma daga nan ƙamshin hayaƙin nan yake fitowa wanda muke kira numfashin kasko. Za mu daɗe muna tuna muryarsa: caaa idan tafarnuwa ta faɗa mai, ƙwal-ƙwal-ƙwal idan ludayi ya shiga aiki, da fuuu ɗin nan idan wuta ta leƙo ta gefe har na gaban layi ya ja da baya.

Ranar da gwiwoyin Mama suka ƙi, idonta kuma ya fara hazo, ta miƙa mini ludayi a gaban dangi duka, ta kira ni da sunana na gida ta ce, "Ah Huat, ni da kaskon nan rana ɗaya za mu tafi. Ka kula."

Ba dariya ta yi ba, kuma babu wanda ya yi. Wanda bai san Mama ba zai ce maganar tsofaffi ce kawai. Mu da muka santa mun san bakinta ba ya faɗuwa ƙasa. Ita ta ce mai taliyar da ya buɗe rumfa a gabanmu ba zai kai ƙarshen shekara ba, bai kai ba. Ita ta dubi mahaifinmu ranar da za a kwantar da shi asibiti ta ce a kawo masa rigarsa mai kyau, ba zai dawo gida ba, bai dawo ba. Tun daga ranar da na karɓi ludayi, kullum da rana sai na aika mata ƙunshin taliya. Ba yunwa ke sa ta jira ba. Da hanci take duba lafiyar kaskonta.

Ga yadda cutar ajali ta same shi. Kamar kowane gida, mun tashi sharar ƙarshen shekara don a kori tsohuwar rashin sa'a kafin sabuwa ta shigo. Surukina Desmond, sabon mijin 'yata Hui Shan, ya ce shi ma zai taya. Yaron kirki ne, mai ladabi, aikin kwamfuta yake yi, kuma tun ranar aurensu yake neman abin da zai burge ni da shi. Na ba shi bokiti na ce ya wanke daɓe da kantoci, ni kuma na tafi sayen lemu da jajayen ambulan ɗin da ake raba kuɗin barka da shekara a ciki. Da na dawo na tarar da shi a ƙofar rumfa, gumi sharkaf, baki har kunne, yana riƙe da wani abu mai ƙyalli.

"Baba, duba! Duk dattin tsohuwar shekara na fitar. Sabulu ya ƙi ci, sai da na aro injin goge ƙarfe."

Na karɓa na duba. Karon farko kenan da na ga fuskata a cikin Kawu Baƙi, kuma fuskar ba ta yi kyau ba. Lemun suka suɓuce mini suka watse a ƙasa.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Na ɗora shi a wuta, na zuba mai, na yanka citta da ganyen albasa ina goga masa kamar yadda Mama ta koya mini. Sai na ga man yana raguwa ba dalili. Kafin in gane, ya tsiyaye ta ƙasa ya faɗa wa wuta, harshenta ya tashi ya lashi rufin rumfa. Maƙwabcinmu Veerappan mai shayi ne ya rugo da jiƙaƙƙen buhu ya danne. Da ya huce na ɗaga shi sama na hasko, sai ga ƙananan huji birjik a gindinsa kamar rariya. Ashe ludayi ya daɗe da cinye ƙarfen, baƙin nan ne kawai ke riƙe da shi. Mai walda ya jujjuya shi ya girgiza kai, ya ce zai iya liƙewa don ado, amma ba zai sake ganin wuta ba. Sautinsa na ƙarshe shi ne ɗan tsss da ya yi a ƙarƙashin buhun Veerappan.

Haka muka shiga biki da gawa a ɓoye a bayan tukunyar gas. Na je gaban Mama da lemu biyu na durƙusa ina yi mata fatan tsawon rai, harshena yana nauyi kamar na maƙaryaci. In ta yi tari sai gabana ya faɗi. In waya ta yi ƙara sai in kasa ɗauka. Ta kwanta barcin rana, ni ƙato da furfura na tsaya a bakin ƙofarta ina sauraron numfashinta, har Hui Shan ta zo ta janye ni. Desmond kuwa ya rame a tsaye. Da Mama ta miƙa masa jan ambulan ɗinsa sai hawaye suka cika masa ido, ita kuma ta tambayi Hui Shan ko ba ta ba mijinta abinci ne.

Da aka buɗe kasuwa na sayo sabon kasko a ɓoye, fari fat, bai san komai ba. Ƙunshin Mama kuwa na daina aikawa. Yau in ce gas ne ya sami matsala, gobe in ce mai kawo taliya bai dawo daga hutu ba. Kowane uzuri ta karɓa ba musu, kuma hakan ya fi faɗa ban tsoro. A rumfa ma asiri ya fara tonuwa. Wani direban tasi da ya fi shekara ashirin yana cin abincinmu ya bar rabin faranti, ya leƙo ya tambaye ni cikin tausayi ko ba ni da lafiya. Veerappan ya ba ni shawarar in sayo taliya a wata rumfar in kai wa tsohuwa. Na ce masa ai babu hannun da ba ta sani ba a kasuwar nan, da loma ɗaya za ta faɗi sunan mai suyar da na ubansa.

Washegarin ranar da aka sauke fitilu ta kira ni a waya. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Ah Huat, yunwa nake ji," ta kashe.

Na soya a sabon kaskon, na zuba duk abin da na sani, na kai da kaina. Ta buɗe ƙunshin ta sunkuya ta shaƙa. Ta daɗe ba ta ɗauki tsinken cin abinci ba. Daga baya ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, ta ajiye.

"Yaushe ya mutu?"

Na durƙusa na faɗa mata komai. Ina magana ina riƙe da wuyan hannunta, kuma ba don ladabi ba, jijiyarta nake lalube. Ta fizge ta ce in sakar mata hannu, ni ba likita ba ne. Ta sa aka kira Desmond, ya shigo. Ta tambaye shi ko a gidansu da sabulu ake wanke kakanni, ya ce a'a, ta ce to ya tashi ya ba ta wuri. Ni dai na kasa haƙuri, na tambaye ta maganar nan da ta yi ranar da ta ba ni ludayi, ina fata ta ce wasa take yi.

"Na faɗa, kuma ban janye ba," in ji ta. "Kayana a shirye suke. Amma wannan abin da ka kawo mini, shi za ka riƙa ba mutane da sunana? In je in tarar da ubanka in ce masa me? Ba inda za ni sai sabon nan ya yi baƙi."

Na tambaye ta tsawon wane lokaci zai ɗauka. Ta ce da hannunta 'yan shekaru ne, da nawa kuwa sai dai a yi ta jira.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa ta tsawon rai, ludayin ƙarfe, wadda bakinta ya lanƙwashe daidai da cikinsa, har yanzu ta ƙi sabawa da sabon miji. Ya bar tsintsiyar gora, da murhun gas, da layin mutane da ya fara gajarta, da magajinsa fari wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya kuma bar wata tsohuwa da ta ce sai ta ga ƙarshen aiki.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi a gaban rumfa, inda gawar za ta kasance lulluɓe da farin ƙyalle don masu son ganawar ƙarshe. Mai son kujera ya ajiye fakitin tishu a kai kamar yadda aka saba. Ɗan gwangwan da ke ta zagaye yana busa ƙaho tun da ya ji labari, muna roƙonsa ya kama gabansa, ba na sayarwa ba ne. Bisa umarnin Mama, za a cika marigayin da ƙasa a shuka barkono a cikinsa a ajiye a barandarta, don ta ce hujin zai yi wa saiwa daɗi. Bayan haka za a turo ta a kekenta na marasa lafiya har bakin murhu, ta ɗora magajin a wuta da kanta, da kitse da ganyen albasa, ni kuma in tsaya a gefe in sha zagi.

Ga masu cinikinmu, muna roƙon ku yi haƙuri da ɗanɗanon da kuke ji yanzu. Zai gyaru, amma kada kowa ya matsa mini. Kullum da yamma in zan rufe rumfa nakan juya sabon kaskon in duba cikinsa, kuma tuni tsakiyarsa ta fara yin ja, wanda daga shi sai baƙi. Duk ranar da na ga jan ya ƙaru, ba na iya cin abinci.

Surukinmu Desmond an yafe masa, kuma an ware masa kujera a sahun gaba. Ya zo da wuri, ya jira ni bayan mutane sun watse. Ya taho da sabulun nan nasa, akwai jan da nake so a goge, amma ya naɗe shi da kyau a leda ya tura can cikin aljihu, don hancin Mama lafiyarsa lau.