Harbin Ƙarshe na Janar Delbert

Duk wanda bai san Janar Delbert Stuckey ba bai san Port Calder ba, kuma in ka ji ta bakin Janar ɗin, bai san ƙwallo ba ɗungurungum. Garin yana da magajin gari, yana da alƙalai da likitoci, yana da fastoci masu zaƙin baki, amma a cikinsu babu mai igwa. Delbert yana da ita. Shi ne maharbin igwar Maƙera, ƙungiyar garin ta ƙwallon Amurka da ake jifa da hannu, tsohuwar igwar tagulla da ke girke a kusurwar fili ta wajen tafki, wadda al'ada ta hana a tayar da ita sai Maƙera sun ci wasa a gida. Shekara talatin da ɗoriya igiyarta na hannunsa, kuma bai taɓa bari wani ya manta da hakan ba.

Janar ɗin ba rundunar soja ce ta ba shi ba. Sojoji sun duba tafin ƙafarsa tun yana saurayi, suka ce ya koma gida ya taimaki uwarsa. Katifu yake sayarwa a wani shago kusa da gada. Igwar ma ta zo hannunsa ne don surukinsa kaɗai ke da motar a-kori-kura da za ta iya jan ta a wancan zamani. Amma wa ke tuna irin waɗannan ƙananan abubuwa in ya ga mutumin ranar Lahadi? Shuɗiyar riga mai maɓallan tagulla har ƙasan haɓa, geza mai ruwan zinariya a kafaɗa wadda matarsa Arlene ta ciro daga tsohon labulen falo, hula mai gashin tsuntsu, ga lambobin yabo reras a ƙirji. In ka matso kusa za ka ga ɗaya na gasar noman kabewa ne, shi ya sa ba ya son a matso kusa.

Tarihin Maƙera kaf a bakinsa tarihin igwa ne. Shekarar da ruwa ya ci filin aka koma buga wasannin gida a garin maƙwabta, ƙungiya ta lalace saboda an hana igwa haye gada. Shekarar da 'yan wasa suka shiga yajin aiki aka kwaso direbobin tirela da malaman makaranta aka sa musu kwalkwali, sun ci wasa ne don ƙarar igwa ta zuba musu zuciya. Shekarar kofi kuwa, wadda tsofaffi ke ba da labarinta da ƙwalla a ido, kowa ya ɗauka mai jifan ƙwallon nan ne da ya buga wasan ƙarshe da karyayyen yatsa. Ashe albarushi Delbert ya sauya. Ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin nuna masa cewa sai an gama cin wasa igwar ke tashi.

"Ni ba na neman yabo," yakan ce a gidan abincin Lonnie, yana tsoma waina a ruwan zuma. "Koci zai zo ya tafi. 'Yan wasa za su zo su tafi. Amma ku tambayi abokan gaba abin da suke tsoro in sun shigo garin nan."

"Sanyi, ranka ya daɗe," in ji Lonnie, yana ƙara masa kofi.

Delbert bai ji ba. Ba ya jin magana in ba tasa ba ce.

Sai ga wannan kakar wasa, wadda har yau mutanen garin ke rage murya in za su ambace ta. Maƙera suka fara shan kashi tun ganye na kore, suka ci gaba da sha har ganye ya zube, har dusar ƙanƙara ta rufe gari. Sun sha a gida, sun sha a waje. Akwai ranar da wani ɗan wasansu ya ɗauki ƙwallo ya sheƙa da gudu ya nufi gidan ƙungiyarsa maimakon na abokan gaba, 'yan uwansa na bin sa suna roƙonsa ya juyo. Magoya baya suka koma zuwa fili da jakar takarda a ka, an huda wajen ido, don kada maƙwabta su gane su a talabijin. Igwa ta yi tsit. Kowace Lahadi Delbert zai ɗura mata albarushi, ya tsaya ƙiƙam a gefenta hannu a igiya, da yamma ya kwashe albarushinsa ya koma gida yana ƙunƙuni.

Ana cikin haka Madam Pruitt, sabuwar manajan ƙungiya, ta kira shi ofis. Ta ba shi kujera, ta yabi rigarsa, sannan ta gaya masa cewa daga ƙarshen kakar nan igwa za ta koma gidan tarihi. Masu unguwa sun gaji da karnukansu na shigewa ƙarƙashin gado, kuma an sayo na'urar da za ta yi ƙarar da hasken gaba ɗaya da maɓalli guda.

"Maɓalli," in ji Delbert, kamar an ce masa gawa. "Madam, ke yarinya ce, ba zan riƙe ki a zuci ba. Amma ki sani, mutum irina ba ya sauka shiru. Da harbi na zo, da harbi zan tafi, kuma harbin nasara."

"Allah ya nufa," in ji ta, tana kallon agogon bango.

Wasa ɗaya ya rage, kuma a gida. Nan gizo ya yi saƙar. Ƙa'ida ce ƙungiyar da ta zo ta kashin baya ita ke fara zaɓa cikin samarin da ke fitowa daga jami'o'i, kuma a bana akwai wani Tavian Broussard, yaro mai jifan ƙwallo, mai hannun da aka ce ba a ga irinsa ba tun zamanin kakanni. Maƙera na gaba a tseren lalacewa, amma wata ƙungiya can kudu na biye da su da nasara ɗaya tak, tana dakon su yi kuskuren cin wasa. Gari ya haɗa kai a kan abu ɗaya, a karon farko tun bayan rufe masana'antar ƙarfe: a sha kashi. Yara sun riga sun fara yawo da riga mai sunan Broussard a baya. Wani fasto ya yi wa'azi a kan falalar ƙasƙantar da kai, coci ya cika maƙil.

Mutum ɗaya ne a Port Calder ke son nasara, kuma ba don Maƙera ba.

"Kunya ba ta ishe ku ba?" Ya miƙe tsaye a tsakiyar gidan abinci ranar Asabar, adiko na rataye a wuyansa. "Gari guda ya durƙusa yana roƙon a doke shi saboda wani yaro da ko gemu bai tsirar ba. Ni na ga masu jifa sun fi a ƙirga. Ina suke? Igwa tana nan. Gobe za ku ji muryarta, jikokinku za su tambaye ku inda kuke tsaye lokacin da Delbert Stuckey ya ja igiya."

"Zauna ka ci ƙwanka, Janar, zai huce," in ji Arlene. Shekara arba'in tana gaya masa ya zauna, bai taɓa zama a karon farko ba.

Lahadi ta zo da iska mai yanka kunne. Tun hantsi aka cika filin ajiye motoci da hayaƙin gashin tsiran alade, ana shan giya ana yi wa juna fatan asara. Delbert ya ratsa tsakiyarsu yana ɗaga hannu ga mutanen da ba su gaishe shi ba. Ya goge igwa har tana ɗaukar ido. Ya ɗura mata albarushi ninki biyu, don harbin ban kwana ba na kowa ba ne.

Sai abin tsoro ya fara faruwa. Baƙin da suka zo karawa da Maƙera sun riga sun samu gurbinsu a zagaye na gaba, don haka suka zaunar da gwanayensu a benci cikin barguna, suka turo 'yan baya-baya. Maƙera kuwa, waɗanda ba wanda ya gaya wa cewa gari ya yafe musu, suka tuna cewa su ma suna da iyali. Suka riƙe ƙwallo. Suka daina faɗuwa ba dalili. Da suka kai ƙwallo gidan baƙi, filin ya yi jugum kamar gidan makoki, wata tsohuwa ta cire jakar takarda daga kanta ta yi musu daƙuwa. Wasa ya zo ƙarshe Maƙera na da maki goma sha uku, baƙi sha biyu. Lonnie ya dafe kai a kujerarsa. Madam Pruitt, can sama a ɗakin manya a bayan gilashi, ta daina cin abincinta.

Saura ƙiftawar ido a agogon da ke ƙirga lokacin da ya rage, baƙi suka turo mai bugun ƙafa ya gwada sa'a daga nesa, nesan da ko gwani sai ya yi addu'a, ga iska na kaɗowa daga tafki. In ta shiga tsakanin turaku biyu da ke ƙarshen fili, maki uku, Maƙera sun faɗi, Broussard ya zo. In ta kauce, an shiga uku da nasara. Dubban mutane suka riƙe numfashi suna yi wa baƙo fatan alheri.

Kowane yaro a garin ya san cewa agogo ba ya kashe wasa sai ƙwallon da ke tafiya ta mutu. Delbert bai sani ba. Ina zai sani? Shekarunsa a filin nan ya yi su ne yana fuskantar 'yan kallo don a ga lambobinsa, in Maƙera suka ci wani ne ke taɓa shi a kafaɗa. Yau bai yarda ya jira kowa ba. Idonsa na kan allo. Aka miƙo ƙwallo, mai bugu ya taho da gudu, agogo ya nuna sifili, Janar ya cika ƙirji ya fizgi igiya.

Ƙarar ta girgiza har gilashin Madam Pruitt. Mai bugu ya zabura, ƙafarsa ta goge gefen ƙwallo, ta tafi tana tangaɗi ta faɗi cikin makaɗa da masu busa ƙaho da ke gefen fili. Fili ya ɗauki wani irin nishi mai tsawo, wanda Delbert ya fassara da girmamawa. Daga nan bai ƙara ganin komai ba, don iskar tafki ta kwaso hayaƙin albarushi ninki biyu ta lulluɓe shi da shi. Yana ciki yana tari, idanu na zubar da ruwa, yana laluben hularsa a ƙasa, bai ga alƙalin wasa ya jefa rawayan ƙyalle mai nuna an yi laifi ba. Bai ji an sanar cewa masu gida sun yi laifin firgita mai bugu ba, kuma wasa ba ya ƙarewa a kan laifi. Aka matso wa baƙi da ƙwallo kusa, kusancin da ko Arlene za ta iya bugawa ta ci. Aka sake bugawa. Ta shige tsakiya tsaf.

Ihun da ya biyo baya, tun shekarar kofi ba a ji irinsa ba. Mutane suka yi ta jifa da jakunkunan takarda sama, waɗanda ba su san juna ba suka rungume juna suna kuka. Wani ya fara kiran sunan, wasu suka ɗauka, har fili gaba ɗaya ya amsa: Delbert, Delbert, Delbert.

A daidai nan Janar ya fito daga cikin hayaƙi, fuska baƙi ƙirin, gashin hula ya ƙone rabi, baki har kunne. Ya haye kan ƙafar igwa ya buɗe hannuwa. Ya rusuna gabas, ya rusuna yamma. Hawayen da ke zubo masa yanzu ba na hayaƙi ba ne, kuma gaskiya in ka gan shi a lokacin sai ka kusa jin tausayinsa. Masu talabijin suka rugo suka kafa masa abin magana a baki, Madam Pruitt ta sauko da kanta tana haki ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Ka ceci ƙungiyar nan, Malam Stuckey," in ji ta. "Mu da muke sama mun rasa yadda za mu yi."

"Na gaya miki, Madam," in ji shi, ya juya ga kyamara ya gyara geza. "Na gaya wa garin nan kaf, aka yi mini dariya. Koci ya kasa, 'yan wasa sun kasa, sai da na sa hannu. A rubuta: abin da kuka gani a allon can yau, aikin mutum ɗaya ne. Ban raba shi da kowa ba."

Ya ɗaga hannu yana nuna allon ba tare da ya waiwaya ba. Jama'a suka ƙara ɓarkewa da sowa.

Arlene ta ratso cikin mutane da bargonta a hammata, ta ja gefen rigarsa.

"Sauko, Delbert."

"Mace, ba kya jin ana kirana?"

"Ina ji. Juya ka ga abin da kake nunawa."

Ya juya. Baƙi sha biyar, Maƙera sha uku. Ya murza ido ya sake dubawa, lambobin ba su motsa ba. Hannun da ke sama ya fara saukowa a hankali.

"An cinye mu," in ji Arlene. "Da mun ci, kai ka mayar musu da ƙwallon. Shi ya sa suke tafa maka. Sauko mu tafi kafin hanya ta cushe."

Sunansa na ci gaba da tashi daga kowace kusurwa, kuma kowa da zuciya ɗaya yake kiransa. A duk tsawon shekarun da ya yi yana rantsuwa cewa sakamakon wasa a hannunsa yake, ranar ce kaɗai ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗe ta a gaban ƙasa baki ɗaya.