Ranar da Na Gwada Karo da Ƙafata

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na naɗa kaina injiniya a gaban jama'ar Djougou, ni da karatun bokona ya tsaya a aji huɗu (na huɗun ma sau biyu na yi shi, don in ƙware).

Sana'ata sayar da karo ce a Titirou, nan Parakou, wato tayil ɗin daɓen ƙasa. Ni na kai wanda aka shimfiɗa a wurin alwalar wani masallaci na danginmu a Djougou. Bayan ɗan lokaci wani dattijo ya zame a kai, ya gurɗe hannu. Kwamitin masallaci ya ce a gwada santsin karon. In ya faɗi, a ɓamɓare shi, kuma kun san sunana za a ɓamɓare tare da shi.

Kwamitin ya rabu biyu. Wasu suka ce a kira babban labo, wato gidan gwaje-gwaje, daga Cotonou, irin wanda hukuma ta bincike shi kaf, na'urorinsa da ma'aikatansa da yadda yake aiki, kafin ta buga masa hatimi. Wasu suka ce wannan sai an daɗe ana jira, ga wani mai gwaji a Parakou. Shi ba gidansa aka tantance ba, hannunsa ne: akan aiko masa da karo iri ɗaya da na sauran masu aikin, a ga ko awonsa ya zo daidai da nasu. Liman ya zaɓi na kusa.

Mutumin ya zo da wani ƙarfe mai lilo, da ɗan roba a ƙasansa kamar dunduniya. Kafin ya taɓa karona sai ya zauna yana duba robar nan, yana gogewa, yana gwada ta a kan wani gilashi. Ni kuwa na ga dama ta samu.

Na ce, "Musye, kai hannunka kawai aka duba, su na Cotonou gidansu aka duba. Ni ƙafata tun kafin a haife ka take taka karo. Wa ya fi takarda?"

Ya ce, "Baba, bari in gama shirya robar."

Na ce, "Tawa a shirye Allah ya yi ta."

Liman ya ce, "Alhaji, zauna mana." Ban zauna ba. Na cire takalmi, na tattare babbar riga, na kwarara ruwan buta a ƙasa. Abin da na manta (kuma matata Hajiya ba ta manta ba, har gobe tana tuna mini) shi ne da safen nan ta lafta mini man kaɗe a dugadugai saboda kaushi.

Taku na farko lafiya. A na biyu na hango rufin kwano. Hulata ta yi gabas, butar ta bi ni a kai, na zauna daɓas cikin ruwa ƙafafu sama. Can Liman ya ce a hankali, "To, mun ga sakamakon Parakou."

Mai gwajin ya yi aikinsa, ya ce karon ba laifi, sai dai a riƙa wanke maiƙo daga kai. Wa ya saurare shi? Kowa ya ga mai karo a ƙasa da idonsa. Aka ɓamɓare, aka yi daɓen siminti mai kaushi.

Yanzu in an tambaye ni wanne ya fi, labo mai hatimi ko mutum mai gwanintar hannu, sai in gyara murya in ce: in aikin zai kai gaban alƙali, a nemi mai hatimi, in na wurin alwala ne, mai hannun ya isa. Dukansu dai suna duba dunduniyarsu kafin su fara. Ni kaɗai ne ban duba tawa ba.