Faransancin da Gwamnati ta Biya Mini

Gwamnati ce ta biya mini kwas na Faransanci kafin in zo Makka. Saboda haka da wani tsoho ɗan Gini ya shigo shagonmu a unguwar Rusaifa yana Faransanci, na ture kowa gefe, na saurara, na sanar cewa mata yake nema. Maigidanmu har ya fara ambato zawarawan unguwa, tsohon kuwa yana ta dafe ciki.

Isufu, abokin aikina ɗan Damagaram, ya ce, "Malam, yunwa fa yake ji."

A Faransanci kalmar yunwa da ta mata kusan ɗaya suke, kuma ina nan kan bakana, rashin haƙoran tsohon ne ya jawo. Amma har yau in an kawo shinkafar rana, sai Isufu ya ce, "Taso, amaryarka ta iso."