Neman Maigida a Cikin Mutanen Sin

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da mutanen Sin suka zo haƙa mana rijiyoyin burtsatse a Kaduna ba. Ko na so in manta ma 'yan tashar Kawo ba za su bar ni ba, don har gobe in na gifta sai an sami ɗan iskan da zai ɗaga murya ya ce, "Alhajin Sin, an dawo lafiya?" Ni kuwa ko Legas ban taɓa takawa ba.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ƙasa ta fara ƙanshin kuɗin mai, manyan ƙasashen duniya sai zawarcinmu suke yi kamar bazawara mai gida nata na kanta. Bature yana nan bai tafi ba, Rasha tana kwasar yara karatu, sai ga Sin ita ma ta yi sallama. Su nasu salon daban ne. Wai su ba iyayengiji ba ne, 'yan uwanmu ne talakawa, sun zo mu kama wa juna. Da na ji haka na yi dariya. Wa ya taɓa ƙetaro teku don Allah da Annabi?

Ni a lokacin ƙaramin makaniken famfo ne a sashen ruwa na wata ma'aikata (ba zan faɗi sunanta ba, ba don ina ganin girmanta ba, sai don har yanzu a can nake cin abinci). Karatuna a aji huɗu na elemantare ya tsaya, amma ina ji da kaina, don na yi wa Turawa aiki, na san yadda ake tafiyar da babban mutum. Mu biyu aka haɗa da baƙin: ni da Bulus, wani ɗan kudancin Kaduna da muke zaman haya a layi ɗaya a Badarawa, mutum mai shiru kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa. Aka ce mana in aiki ya ƙare, shugaban tawagar zai zaɓi mutum ɗaya a cikinmu a kai shi ƙasar Sin ya koyo gyaran injin haƙa. Wanda ya je ya dawo kuwa ya haye, ya bar sahun masu datti.

Tun a ranar na ce wa matata Lami ta fara shiri. Dabarar ai ba ta da wuya: ka gano maigida, ka kama ƙafarsa, shi ke nan.

To a nan gizo ya yi saƙa. Mutanen nan duk shigarsu iri ɗaya ce. Riga mai ruwan toka da maɓallai har wuya, wando irin rigar, da 'yar hula. Babu mai kwat, babu mai sanda, babu wanda ake riƙe wa jaka. A wurinmu ai tun daga nesa ake gane babba, ko daga rigarsa, ko daga yawan masu take masa baya. Waɗannan kuwa kamar ƙwan zabi a kwando.

Na sami tafintansu, wani saurayi mai tabarau da ke zuba Hausa irin ta rediyo. Na ja shi gefe na ce, "Malam, tsakaninmu, wane ne maigidanku?"

Ya yi murmushi ya ce, "Aboki, dukanmu ma'aikata ne. Babu babba, babu ƙarami."

Na ce a raina, ka gaya wa wani. Ko garken awaki akwai na gaba. Na bar shi, na sa ido da kaina.

Ban sha wuya ba na gano mutumina. Akwai wani kakkaura, mai tumbi, mai agogo a hannu. Ba ya zuwa filin aiki da safe kamar sauran. Sai rana ta take zai iso a gidan gaba na landiroba, a sauke masa tukwane a gindin darbejiya, ya zauna a inuwa yana fifita. Ƙafarsa ba ta taɓa laka. In ya daka tsawa sau ɗaya, kowa sai ya yar da abin da ke hannunsa ya taho da sauri da kwanonsa. Shi ke rabon abinci da hannunsa, ya ƙara wa wanda ya ga dama, ya yi wa wanda ya rage abinci faɗa. Ku gaya mini, don Allah, a ƙasar Hausa wa ke ciyar da mutane yana yi musu faɗa in ba maigida ba? Na sa masa suna Mai Tumbi, na ɗaura ɗamarar fadanci.

Da na hango ƙurar motarsa sai in ruga in buɗe ƙofa. In share masa wurin zama, in durƙusa in ce, "Ranka ya daɗe, an iso lafiya?" Shi kuwa ya yi ta dariya yana dukan kafaɗata, ya cika mini kwano har da ƙarin nama. Na ce alhamdu lillahi, tafiya ta kankama.

Akwai kuma wani tsoho a cikinsu, siriri kamar sillen kara, rigarsa duk faci a gwiwar hannu. Shi ke fara zuwa, shi ke shiga ramin laka har gwiwa, shi ne na ƙarshe a layin abinci. Na ce wannan ko a can garinsu lebura ne, tausayinsa aka ji aka taho da shi. Tunda kuwa ni ina shirin zama babba, sai na ga ya kamata in fara koyon aiken mutane, na fara da shi. In yi masa fito in nuna sifana, ya ɗauko ya kawo. In ce, "Kai Baba, ɗebo ruwa!" in nuna bokiti, ya ɗebo. Rannan tayar kekena ta yi faci, na tura masa. Ya zauna a ƙasa ya liƙe ta tsaf, har ya gyara mini burki ban sa shi ba. (Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa samun mai faci kamarsa ba.)

Muna komawa gida Bulus ya ce, "Mutumina, ka bi a hankali da tsohon nan. Ka lura kuwa ba wanda ke tada inji sai ya dubi fuskarsa?"

Na ce, "Tsoro suke kada ya faɗa rami. Kai dai ɗan mishan, karatu ya yi maka yawa. Ci gaba da shan laka tare da shi, in na je Sin zan aiko maka da hoto."

Ya ce, "To, Allah ya kai ka lafiya."

Don in ɗaure akuyata da kyau, sai na gayyaci Mai Tumbi cin abinci a gidana. Na ari kujera mai katifa a wurin maƙwabci, Lami ta yi tuwon shinkafa miyar taushe, aka yanka zakara. Ranar Lahadi da la'asar sai ga su a kan kekuna daga masaukinsu na Unguwar Sarki: Mai Tumbi, da tafinta, da tsohon nan. Raina ya ɗan ɓaci, wa ya gayyaci lebura? Amma baƙo ba a korarsa. Na ɗora Mai Tumbi a kujera, na ba tafinta benci, tsoho kuwa na shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure na nuna masa kekunan, wato ya sa ido kada yaran unguwa su taɓa. Cinya da ƙirji na Mai Tumbi, wuya da ƙafafu na tsoho.

Na ga fuskar tafinta ta yi ja kamar gauta. Ya buɗe baki ya ce, "Aboki, wannan dattijo…" Sai tsohon ya ɗan girgiza masa kai, tafinta ya haɗiye sauran maganar. Ni kuwa na ce, "Kada ka damu, Malam, mu nan ba ma wulaƙanta na ƙasa. In bai ƙoshi ba akwai ƙanzo."

Mai Tumbi ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido, ya sake kaiwa. Sai ya miƙe zumbur, ya bi ƙanshi, ya ɗaga labule ya faɗa cikin gida! Gidan da ko ƙanena sai ya yi sallama sau uku. Na ji Lami ta ƙwalla ƙara, "Wayyo Malam, ga ƙato a madafa!" Na ruga na tarar ta rakuɓe bayan turmi ta rufa da zanen shanya, shi kuwa ya tsuguna gaban murhu ya buɗe tukunya yana shinshina. Ya ɗauki daddawa ya gutsura, ya ɗanɗana, ya nuna mini ita yana neman sunanta, na ce daddawa, ya yi ta maimaitawa. Ya duba muciya, ya duba maburgi. Mai hankali da a nan ya farka. Ni kuwa cewa na yi, "Lami, kwantar da hankalinki, haka manyansu suke, suna son ganin yadda talaka ke rayuwa." Ta ce, "Manya? Wannan hannun nasa ya fi nawa sanin tukunya." Na ce ta rufe mini baki, me mace ta sani a harkar ƙasa da ƙasa.

Kafin ranar buɗe rijiyar farko, babu wanda bai san zan tafi Sin ba daga Badarawa har Kawo. Mai shayi ya sani, mai wanki ya sani, limaminmu har addu'a ya yi mini.

Ranar ta zo. An kafa rumfa a bayan tashar Kawo, an jera kujeru, an ɗaura lasifika, jama'a maƙil, mata da tulunansu suna jiran ruwa. Na sha babbar riga ta aro. Kwamishina ya iso ya zauna. A damansa akwai kujera guda da aka ware wa shugaban tawaga, na je na tsaya a bayanta na kakkaɓe ta da hannun rigata, ina ta leƙen Mai Tumbi.

Sai ga tsohon nan ya taho, da rigarsa ta kullum, illa dai an wanke an goge. Ya miƙo kai tsaye, ya ɗan rusuna wa Kwamishina, ya zauna daram a kujerar.

Jama'a, wallahi taimako na yi niyya. Na ga tsoho zai jawo wa kansa kora. Na cafki damtsensa na ɗaga shi sama (ba shi da nauyi ko kaɗan), na ce, "Kai Baba, ba ka da hankali ne? Nan wurin manya ne! Tashi ka koma wajen inji!" Ashe bakina yana daidai da abin magana. Muryata ta fita ta lasifika, har masu lodi a tasha sai da suka ji.

Kowa ya waiwayo. Kwamishina ya cire tabarau ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Wannan mahaukacin na wane ne?"

Tafinta ya taho da gudu yana haki. "Aboki, sake shi! Wannan shi ne shugaban tawagarmu, babban injiniya!"

Ban ma saki mutumin ba. Na ce, "To… to shi mai… wancan fa?" Na waiwaya. Sai ga Mai Tumbi ya ɓullo daga bayan rumfa, ya ɗaura farin ƙyalle a tumbinsa, da farar hula, yana ɗauke da tiren kofunan shayi. Ya hango ni, fuskarsa ta washe, ya ɗaga murya ya gaishe ni da kalmar Hausa ɗaya tak da ya iya: "Daddawa!"

Tafinta ya ce, "Ai kukunmu ne."

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Ta faro daga 'yan tasha, ta bi ta kan mata masu tuluna, ta iso har kujerun manya. Ɗan sandan da ya zo fitar da ni ma sai da ya dafa sandar rumfa. Tsohon ya gyara hannun rigarsa, ya yi wata magana a hankali, tafinta ya fassara ta lasifika: "Shugaba ya ce a ƙyale shi. Ya ce tunda ya zo ƙasar nan babu wanda ya ba shi aiki da yawa kamar wannan aboki, ya gode." Aka sake fashewa, har da tafi. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Da aka zo sanarwa, sunan Bulus aka kira. Ya tashi sumui-sumui da lakarsa a wando ya je ya gaisa da tsohon. Ni ban ga fitowar ruwan ba ma, guɗar mata kawai na jiyo ina bin bayan motoci ina neman hanyar gida.

Da na isa gida Lami ta ajiye mini tuwo. Sannan ta ce, "Malam, zakarana dai ya tafi a banza. Amma ka gaya wa maigidan naka in yana son koyon miyar kuka, ya yi sallama tukuna."

Bulus ya je ya dawo da ƙaramar rediyo da Sinanci a bakinsa, yau shi ke sa hannu a takardar hutuna. Har yanzu in mun haɗu shi ke fara gaishe ni, abin da ya fi komai ƙona mini rai ke nan. Mutanen Sin kuwa da na raina, ga shi kwanon da nake cin tuwo da fitilar da nake kunnawa duk nasu ne. Ashe masu shiga laka da kansu ba wasa ya kawo su ba.

Abin da na koya shi ne, in ka shiga baƙin mutane kana neman babbansu, kada ka dubi wanda ke zaune a inuwa, dubi wanda ake satar kallon fuskarsa kafin a motsa. Darasi ne mai kyau, na kuma saye shi da tsada. Sai dai bai taɓa yi mini amfani ba, don a ma'aikatarmu, daga ranar har yau, na inuwar ne maigida.